Babi na Bakwai: Daga Sirte Zuwa Maga

Akwai lokacin da in ka ce wa mutumin ƙasar Zuru wata rana ɓarayin daji za su hana shi zuwa gonarsa, sai ya dube ka ya yi dariya, kuma yana da hujjar dariyarsa. Ƙasar soja ce. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin Dakarkari ana sa musu kaki, wasunsu har Bama suka kai a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan samun mulkin kai ma ba a daina ba. Da wuya ka shiga gida a Dabai ko Riba ko Danko ba ka tarar da tsohon soja ba, ko hoton wanda ke bakin daga rataye a bango. Ƙasar ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da ɗan'uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi, da Manjo Janar Tanko Ayuba. Shi kansa marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II, wanda ya rasu a Agustan 2025, manjo janar ne mai ritaya, ya taɓa yin gwamnan soja a Bauci. Ga kuma golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukai tare da tsaransa kafin a ba shi mata, tarbiyyar da ba ta fitar da rago. Ga tarihin kakanni da suka hau duwatsu suka yi ta fafatawa da mahara daga Kwantagora.

Saboda haka da kashe-kashe suka fara tsananta a Zamfara wajejen 2011, lissafin da aka yi a nan mai sauƙi ne: can ma don sun sami masu gudu ne, mu ba za su iya da mu ba. Wannan shi ne hasashe na farko da ya rushe, kuma ba wani masani daga Abuja ko Landan ne ya yi shi ba, mutanen gari ne da suka san kansu suka san dajinsu.

Ran Alhamis 3 ga Yunin 2021 'yan bindiga a kan babura suka bi ƙauyukan ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, irin su Koro, Kimpi, Gaya, Dimi, Zutu da Rafin Gora. Da farko 'yan sanda suka ce gawa 66 aka ƙirga, daga baya suka ce 88. Mako biyu bayan nan aka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A Janairun 2022 aka afka wa Dankade. Sai daren Lahadi 6 ga Maris na wannan shekara, wanda har yau ba ya fita a bakin mutane. 'Yan sa-kai daga garuruwa da dama sun haɗu sun shirya za su tari ɓarayin a yankin Sakaba. Labari ya riga su isa. Maharan suka ɓoye baburansu a cikin daji, suka yi kwanton ɓauna, suka bari sai da ayarin ya shigo tsakiya sannan suka buɗe wuta ta kowace kusurwa. Fiye da mutum 60 suka kwanta dama. Kwana biyu kacal bayan haka, a Kanya, aka kashe jami'an tsaro 19, 13 daga cikinsu sojoji, a harin da ya rutsa da ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai, wanda shi ma kanar ne mai ritaya.

Jarumtaka ba ta ragu ba. Abin da ya sauya shi ne makami, da kuma infoma. Mai bindigar toka, ko ta maƙera da sai an sake ɗurawa bayan kowane harbi, in ya haɗu da mai AK-47 da ya san ta inda zai biyo da ƙarfe nawa zai biyo, zuciyarsa ba za ta fisshe shi ba, ko da kakansa ne ya kori Nagwamatse na Kwantagora.

Me ya kawo ɓarayin Danko? Amsar da ta fi kusa tana Gusau. Danko/Wasagu tana iyaka da Zamfara ta gabas da arewa, da jihar Neja ta kudu, kuma daji ɗaya ne ya ratsa su, ba ruwansa da allon da aka rubuta "barka da zuwa". Da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya hau mulki a 2019 ya kira sulhu, har aka kai ga tayin shanu biyu a kan kowace bindiga. Wasu dabobin suka sassauta wa garuruwan Zamfara, amma ba su ajiye sana'a ba, sai suka riƙa tsallaka iyaka su yi aiki su koma gida inda suke da takardar zaman lafiya. Da sulhun ya watse, a Satumban 2021 aka toshe layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Suka sake tsallakowa, wannan karon don neman mai da abinci da inda waya ke shiga. Kamar korar tsuntsu ne a gonar gero: ka buga gwangwani ya tashi daga taka, ya sauka a ta maƙwabci. Sulhu ya turo su, matsi ma ya turo su, alhali kowanne daga cikin matakan biyu an ɗauke shi ne da tabbacin cewa shi zai kawo ƙarshen abin.

Amsa ta nesa kuwa sai an je Niyok. Ran 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula a Libiya. Ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Barazil. Mutane da yawa sun manta cewa Najeriya, a zamanin Goodluck Jonathan, tana cikin goman da suka ɗaga hannu, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Jiragen NATO suka yi wata bakwai suna ruwan wuta, ran 20 ga Oktoba aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte, rumbunan makaman da ya shekara 42 yana tarawa suka zama na kowa.

Ba za a ce ba wanda ya hango hatsari ba. Idriss Deby na Cadi ya yi ta gargaɗi, Mahamadou Issoufou na Nijar ma ya sha faɗa daga baya cewa ya ja kunnen shugabannin Turai tun ana cikin yaƙin. Amma ko su da suka ce wutar za ta bazu, ba su faɗi ta inda za ta bi ba. Duba taswira: Nijar ce ke da iyaka da Libiya, Mali ba ta da ko taku ɗaya. Duk mai lissafi a 2011 cewa zai yi Agadas ce za ta fara kamawa. Sai ga shi Nijar ta tsaya da ƙafarta, Issoufou ya naɗa Ba'abzine, Brigi Rafini, firaminista, mayaƙan da suka dawo da motoci da manyan bindigogi suka ratsa suka wuce arewacin Mali. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke, a Maris sojoji suka kifar da Amadou Toumani Toure a Bamako, kafin tsakiyar shekara masu iƙirarin jihadi sun ƙwace Timbuktu da Gawo da Kidal daga hannun 'yan tawayen da suka fara abin. Faransa ta shigo a Janairun 2013, aka tarbi shugabanta Francois Hollande a Timbuktu da kiɗa da rawa. Shekara tara bayan nan aka yi wa sojojin Faransa rakiya da ihu. Shi kuwa Deby, a Afrilun 2021 ya mutu a fagen fama, a hannun 'yan tawayen da suka shigo masa daga kudancin Libiya.

Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yakan ɗora laifin kashe-kashen Arewa a kan faɗuwar Gaddafi, ya faɗa a gida ya faɗa a Landan. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ke nan ba, kuma irin wannan bayani yana da daɗi ga mai mulki tunda mai laifin ya riga ya mutu. Cibiyar Conflict Armament Research, wadda ke bin sawun makamai ta lambobin jikinsu, ta fitar da rahoto a Janairun 2020 a kan bindigogin da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna. Ta sami na Libiya, ta sami waɗanda suka sulale daga rumbunan sojan Kodebuwa, ta sami ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwan Legas, ta sami na jami'an tsaron Najeriya, ta kuma sami da yawa da maƙeran gida suka ƙera. Libiya ta sa bindiga ta yi araha ta kuma buɗe hanya. Amma rigimar burtali da gona, da zaluncin alƙali da ɗan sanda a kan Bafillace, da kisan da 'yan sa-kai suka yi wa masu laifi da marasa laifi a kasuwanni, da zinarin Anka da Maru, duk namu ne, ba daga Sirte aka yo mana dakonsu ba.

A makon da aka yi jana'izar 'yan sa-kan Sakaba, hankalin duniya yana wani wuri. Kwana goma kafin kwanton ɓaunar, ran 24 ga Fabrairun 2022, Rasha ta afka wa Yukren. A nan ma masu hasashe sun sha ƙasa, kuma manya ne. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun ci gari da suka ce Putin zai kai hari, a lokacin da shugabanni da dama a Turai ke cewa barazana ce kawai. Su ɗin ne kuma suka ce Kiyef za ta faɗi cikin 'yan kwanaki. Shi ma Putin a kan wannan lissafin ya tura jerin gwanon tankoki, har ya ƙi kiran abin yaƙi. Aka shiga 2026 ana gwabzawa. Sanin cewa za a fara yaƙi abu ne mai yiwuwa, don ana iya ƙirga tankoki daga tauraron ɗan'adam. Abin da ba ya ƙirguwa shi ne yadda mutane za su yi in an taɓa su.

Mai sauraron rediyo a teburin mai shayi a Riba zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan ya same shi a buhun taki. Takin zamani na NPK da ake haɗawa a Najeriya yana buƙatar sinadarin fotash, wanda ake sayowa daga Rasha. A 2022 jiragen ruwan da aka sa rai ba su iso ba, sai da aka yi sayen gaggawa daga Kanada, kamar yadda hukumar NSIA mai kula da shirin takin shugaban ƙasa ta bayyana. A Maris ɗin nan dai aka buɗe katafaren kamfanin takin yuriya na Ɗangote a Legas, aka ce to an huta. Amma farashi ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, kaya suka riƙa tafiya Barazil da Amurka inda ake biya da dala, manomin masara a Wasagu ya sayi nasa da tsada. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin shi wannan manomin yana da wani kuɗin da zai biya kafin ya kai ga taki.

Ga yadda ake yi a garuruwan da suka zaɓi zama a kan gudu. Kafin ruwan shuka saƙo zai zo ta waya, ko ta bakin wanda aka sako: ga abin da gari zai kawo in ana son a yi noma bana. Mai gari ya tara magidanta a ƙofar gida bayan isha'i, a buɗe littafi, a yanka wa kowa gwargwadon gonarsa da yawan gidansa. Mai akuya ya sayar, mai sauran dawa a rumbu ya fasa. Wani lokaci ba kuɗi kaɗai ba ne, a jerin har da sabon babur, da katin waya, da fetur. A sami mai ƙarfin hali ya kai bakin daji. Da kaka kuma sai a sake sabon ciniki, don kuɗin shuka daban, na girbi daban. In wata dabar ta kori wadda aka biya, an yi asara, sabon ubangida bai san da tsohon alkawari ba. Waɗanda suka ƙi ko suka kasa, su ne ka gani a azuzuwan firamare da kangaye a Riba da Zuru.

Yaƙin Yukren ya sake zagayowa ta wata ƙofar. Sojojin hayan Wagner na Rasha sun sauka Mali tun ƙarshen 2021, aka ce su ne za su yi abin da Faransa ta kasa. A Yunin 2023 ubangidansu Yevgeny Prigozhin ya juya tankokinsa ya nufi Mosko, bayan wata biyu jirginsa ya faɗo. A Yulin 2024 aka yi musu mummunan kisa a Tinzawaten, kan iyakar Mali da Aljeriya, wani jami'in leƙen asirin Yukren ya yi maganar da ta nuna da saninsu, Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Kiyef. A wannan makon ne kuma, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, matasa suka fito da tutar Rasha a titunan Kano da Kaduna, har aka kama telolin da suka ɗinka. Ban san wani masani da ya rubuta a 2022 cewa yaƙin Yukren zai kai tela ofishin 'yan sanda a Kano ba.

Sai maƙwabta. Ran 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar Yamai suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Ran 30 ga wata ECOWAS, ƙarƙashin Bola Tinubu wanda bai fi wata biyu a mulki ba, ta ba da wa'adin kwana bakwai ko a shiga da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Lissafin shi ne yunwa da duhu za su durƙusar da sojojin cikin makonni. Wanda ya yi wannan lissafin bai taɓa cin kasuwar Kamba ko Illela ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai da sarakuna suka kama hanyar Yamai, mutanen Arewa suka ce ba za a harbi 'yan'uwansu da sunansu ba. Wa'adi ya wuce ba a yi komai ba. A Satumba Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES, a Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar, a 2024 Amurka ta tattara ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙi a Agadas, ran 29 ga Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS. An janye takunkumin tun Fabrairun 2024 ba tare da an sami ko ɗaya daga cikin abin da aka nema ba.

Abin da ya faɗo wa Kebbi daga wannan shi ne Lakurawa. Ba baƙi ba ne. Shekaru kafin nan wasu al'ummomin Gudu da Tangaza a jihar Sakkwato suka karɓe su don su kore musu ɓarayin shanu, a 2018 ma 'yan sanda cewa suka yi makiyaya ne masu neman ruwa. Suka kori ɓarayin, suka zauna, suka fara karɓar zakka da bulala. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta ce sun sami ƙofa ne saboda sintirin haɗin gwiwa da Nijar ya tsaya bayan juyin mulki. Kwana kaɗan suka kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie. Jihar da ke fama da 'yan bindiga a kudu ta wayi gari da wata fitinar a arewa, sojojin da ba su isa ba aka sake raba su biyu.

In aka jera waɗannan, abu guda ke ta maimaituwa, kuma a ganina shi ne ya sa hasashen yaƙi ke ƙin ci. Mai hasashe yana ƙirga waɗanda ke fili a ranar da ya ɗauki alƙalami: ga gwamnati, ga 'yan tawaye, wa ya fi ƙarfi. Amma yaƙi yana haifar da sababbin masu faɗa, kuma galibi daga cikin maganin da aka kawo suke fitowa. 'Yan sa-kai magani ne, su suka ba matasan ruga dalilin ɗaukar fansa. Lakurawa magani ne. Faransa magani ce, Wagner kuma maganin Faransa. Dogo Giɗe, wanda ya kwashe ɗaliban Yawuri, ya yi suna ne a Maris 2018 da ya kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji, a lokacin har murna aka yi a Gusau an ce an sare kan maciji. Kowane ɗayansu da ya shigo sai ya zo da nasa buƙatun, da nasa abokan gaba, da nasa hanyar samun kuɗi wadda zaman lafiya zai toshe. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: wanda ya yi hasashen ba shi ke biyan kuɗin kuskure ba. Barack Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Ya faɗa a hira da gidan talabijin, ya ci gaba da harkokinsa.

Da asubahin Litinin 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka haura makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a ƙasar Danko, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris na Kebbi ya fito ya ce an sami rahoton sirri tun kafin harin, an kai sojoji, amma suka janye da misalin ƙarfe uku na dare, kafin ƙarfe huɗu maharan sun iso, ya nemi a gaya masa wanda ya ba da umarnin janyewar. Wato a nan hasashen ma ya yi daidai, har da wuri, bai dai hana komai ba. Ɗaya ta kuɓuto da kanta, sauran 24 aka sako su ran 25 ga wata. Kafin nan an riga an kwashe ɗaruruwan mutane a makarantar St. Mary's da ke Papiri a jihar Neja.

Maga ta faɗo a tsakiyar wata rigimar da ba ta san da ita ba. Makonni biyu kafin harin, Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, ya yi barazanar shigowa da bindiga don ceton Kiristoci. Wani ɗan majalisar Amurka ya yi wuf ya ce a yankin Kiristoci aka yi satar, sai da shugaban ƙaramar hukumar ya fito da sunayen yaran ya ce Musulmi ne. Wanda ya san ƙasar Zuru ya san gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da mai bin addinin gargajiya, kuma bikin Uhola na kowa ne. Ɗan bindigar da ya tare hanyar Bena ba ya tambayar sunan yanka kafin ya yanka kuɗin fansa.

Cikin makonni kaɗan ministan tsaro Badaru Abubakar ya ajiye aiki, Janar Christopher Musa ya gaje shi. Daren Kirsimeti Amurka ta harba makamai masu linzami cikin jihar Sakkwato, gwamnatin Najeriya ta ce da yardarta da bayananta aka yi, kuma sansanonin 'yan ta'adda aka nufa a dajin Tangaza. Wasu ɓaraguzan suka faɗo a gonakin Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal, garin da mazaunansa suka ce ba su san wani sansani kusa da su ba. Ƙasar da aka sallama daga Agadas a 2024 ta dawo yankin ta ƙofar Abuja, Rasha na Yamai, mayaƙan JNIM masu iƙirarin jihadi da suka toshe wa Bamako hanyar mai sun yi iƙirarin harinsu na farko a cikin Najeriya, a jihar Kwara, ga kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da kowane gwamna zai so a ce an yi sulhu ko an yi nasara kafin ranar ƙuri'a. Dabobin da ke dajin tsakanin Ɗansadau da Bena da Mariga za su iya haɗewa da masu iƙirarin jihadi, za su iya yaƙarsu a kan haraji da ramukan zinari, kuma an riga an ga alamun duka biyun a wurin Dogo Giɗe shi kaɗai.